Rijiyar da Ta Ci Aminina

Aji biyu na yi a boko. Da za a shiga na uku malam ya roƙi babana, don girman Allah, ya riƙe kayansa a gida. Abu ɗaya na fito da shi, wata tambaya da na tsufa ina ɗana wa mutane: in mutum ɗaya zai haƙa rijiya a kwana goma, mutum goma fa? Kowa sai ya yi caraf ya ce kwana ɗaya. Sai in ce to, sauran taran a ina za su tsaya, a wuyan na farko? A yi dariya, a ce wannan tsoho ba zai girma ba.

Aminina Babarbare ne, ni Bafillace, tsokana kuwa gado ce tsakaninmu. Shi ke yasar rijiyoyin ƙauyenmu, nan gefen Gwiwa, inda ƙasar duk rairayi ce.

Wata rana da hantsi, bayan ɗaukewar damina, yana cikin tsohuwar rijiyar unguwa sai gefe ɗaya ya rufta, ya binne shi har ƙirji. Da ransa, yana magana. Na leƙa, ya ɗago kai.

"Kai bawana, kallo ka zo? Mutum ɗaya ya sauko da guga, sauran su matsa."

Na ce, "Ubangidanka dai ya zo. Riƙe ranka, kada ka ba Barebari kunya."

Kafin in juya gari ya cika wurin. A wajenmu, maƙwabci na cikin wahala a gan ka gefe hannu a harɗe, gori ne da zai bi jikokinka. Kowa da fartanya ko shebur, kowa na son a shaida ya zo. Suka kewaye bakin rijiyar. Duk ƙafar da ta taka, sai in ji rairayi na zuba ƙasa, shuuu.

Na yi ta ihu a ja da baya. Na ce rijiya mutum ɗaya take ɗauka.

"Kawu, don Allah yau ba ranar tatsuniyarka ba ce," in ji wani.

Wani dattijo ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Gaskiya ya faɗa. Amma jinka tana da wurin da kowa zai kama. Ba wanda ya tsaya ya duba ko rijiya tana da shi. Ni kuma wanda ya san amsar, girmana ya riga ya zube tun tuni, wa zai saurari mai barkwanci?

An zura wani saurayi da igiya, ya fara kwashe ƙasa, har cibiyar aminina ta fito. Jama'a suka ji, suka ƙara matsowa su gani. Bakin rijiyar ya rufta gaba ɗaya. Saurayin aka fizgo da igiya. Aminina ba igiya a jikinsa.

Sai bayan la'asar aka tono shi. Ni na yi masa wanka, rairayi har cikin kunnuwa.

A zaman makoki matarsa ta aiko daga cikin gida a yi wa jama'a godiya. Ta ce ta ji labari ba namiji ɗaya da ya zauna a gida, Allah ya bar zumunci. Aka ce amin. Ni ma na ce amin.