Asabar Bakwai da Malam Nata'ala Bai Je Jahun Ba

Shekara ashirin Malam Nata'ala, mutumin Taura, ya yi yana rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya na Dutse, kuma yakan bugi ƙirji ya ce bai taɓa rubuta abin da aka faɗa masa kawai ba. Tsohuwa za ta zauna a bencinsa ta ce a gaya wa ɗanta da ke Ikko kowa lafiya, kada ya damu da zuwa. Sai Malam ya dubi yadda take murza bakin mayafi, ya rubuta cewa a daure a zo gida da sallah.

Da wayar hannu ta shigo, benci ya bushe. Bai yi rigima da zamani ba, ya kafa tebur kusa da tasha yana sayar da tsofaffin littattafai, ko da yake karatun da yake yi musu ya fi cinikin yawa. A bakin teburin nan ne ya haɗu da wasu mutum biyar masu ciwon son karatu irin nasa, suka ƙulla wata al'ada. Littafi ɗaya ake saye ya zagaya kowa, kuma ba a aika shi ta hannun direba. Wanda ya gama shi zai kai wa na gaba da ƙafarsa, ya zauna a taɓa hira.

A cikinsu akwai Alhaji Baffa, Bafulatanin Jahun, tsohon malamin dabbobi. Da ciwon ido ya cinye ganinsa, sauran suka fara shawarar tsallake shi. Malam ya ce ba a gabansa ba. Tun daga nan, kowace Asabar sai ya rufe tebur, ya shiga motar Jahun da littafi a aljihun babbar riga, ya karanta masa babi biyu a zaure. Karatun ba ya sauri, don Alhaji ba ya barin shafi ya wuce bai yi gardama ba. Shekara huɗu suna haka. Matar Malam ta riga ta rasu, 'ya'ya sun watse, don haka wannan Asabar ɗin ita ce abin da yake jira duk mako, ko da yake da za a yanka shi ba zai amsa ba.

Bara zagaye ya kawo wani sabon labari. Wata uwa ce da ɗanta da ke nesa, suna aika wa juna saƙo ta wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke goge duk wata kalma mai zafi kafin ta isar. Saƙonni suka yi ta daɗi, su kuwa suka yi ta nisa, har uwar ta kwanta ciwo ɗan bai sani ba.

"Malam, ai wannan na'urar ƙanwarka ce," in ji Alhaji yana dariya. "Sana'arka ta gada."

"Haba Alhaji! Ni kusantar da mutane nake yi. Wannan kuwa munafuka ce."

Suna babi na tara lokacin da abin ya faru. Malam ya iso ƙofar zaure, kafin ya yi sallama sai ya ji wata murya tana karatu, sumul, babu tari babu tuntuɓe. Hadiyya ce, 'yar Alhaji da ke koyarwa a Kafin Hausa, ta zo ganin gida ta sa wa mahaifinta manhajar da ke karanta littafi a waya, suna gwadawa da babi na farko. Da kyakkyawar niyya ta yi.

Bayan gaisuwa, Alhaji ya juyo da fuskarsa inda ya ji muryar abokinsa.

"To Malam, ka ga an hutar da kai. Ga girma, ga hanya. Kada ka riƙa wahalar da kanka saboda ni."

Duk wanda ya zauna da dattijon Fulani ya san wannan maganar. Kunya ba ta barinsa ya ce zo, sai dai ya ce kada ka zo, ya saurara ya ji ka ƙi. Abin da ake jira shi ne Malam ya ce wace wahala, Alhaji ya sake nanatawa, Malam ya rantse, a yi dariya a buɗe littafi. To amma muryar nan ta riga ta soki Malam a inda waya ta taɓa sukarsa. Shi da ya yi shekaru yana karanta bakin mayafin tsofaffi, ranar sai ya ji magana yadda aka faɗe ta.

"To madalla, Alhaji," ya ce. "Allah ya sa albarka."

Littafin bai fito daga aljihu ba. Da ya koma Dutse ya kai wa Malama Asma'u, wadda ke biye a zagaye, ya ce mata sun gama.

Asabar bakwai suka wuce. Malam yakan buɗe tebur ya zauna yana kallon motocin Jahun suna lodi, ransa a ɓace, yana jiran a ce masa zo. Sukan gaisa ta waya, ya gida, ya jiki, lafiya lau, sai shiru, sai a yi sallama. Dattawa biyu, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, abin haushi abin tausayi.

Wata ranar Laraba da hantsi aka kira shi, aka ce Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Kafin mota ta cika ta isa Jahun, har an dawo daga maƙabarta.

Bayan ya zauna da maza an yi addu'a, Hadiyya ta aiko tana son gaishe shi. Ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida, idanunta sun kumbura.

"Ya haƙuri, 'yata? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, Baba, mun gode." Sannan ta ce, "Baba, ka yafe mini. Tun ranar nan bai sake yarda an kunna masa wayar ba. Ya ce ba ta tsayawa a yi mata gardama. Kowace Asabar sai ya yi wanka da wuri, ya sa a share zaure, ya zauna har la'asar."

Malam ya dafa bango.

"Me ya hana a gaya mini?"

"Na ce zan kira ka, ya ce kul, kada in ɗora maka nauyi." Ta share hawaye da gefen hijabi. "Shekaranjiya da jikin ya tsananta ya ba ni saƙo. Ya ce in Malam ya zo, in tambaye shi ko yaron nan na cikin littafin ya riski uwarsa da rai."

Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a gemunsa.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Ni ma ban iya ƙarasa shi ni kaɗai ba."