Katakan Rakiya

Shekarar da hatsi ya ƙone a gona a Koona, tuwo ya yi ƙaranci a gidanmu amma tatsuniya ba ta yanke ba. Da an yi magariba Kaka Delu za ta hura 'yan karare, ta jawo ƙanwata Rakiya kan tabarmarta. Shan inna ya shanye wa Rakiya ƙafafu tun tana goye, da hannu take tafiya, tana dafa wasu katakai biyu. Ni kuwa da na wuni ina jan guga, wurina bakin hayaƙi.

Abin da ya fi ci mini rai, kowace tatsuniya gurguwa ce gwanar. Akwai ta garin da rijiyoyi suka ƙafe, masu ƙafa suka yi ta kai da kawo, ido a sama suna neman hadari. Gurguwa da ke ja a ƙasa ita ta ga tururuwa na fito da ɗanyar ƙasa, ta ce a haƙa nan, aka sami ruwa.

Na ce, "Kaka, mu masu ƙafa ba mu da tatsuniya?"

Ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika rasa? Duniya duk taku ta, bar mata bakin murhu."

Ban bar mata ba, kishi ya hana. Da aka ce sojan da ke riƙe da Tasawa zai zo lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, malaminmu mushe ya shirya wasan kwaikwayo a kan yunwa, yana neman mai fitowa gurguwa mai bara. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Ranar wasan na sace katakan Rakiya tun da safe. Na ja jiki, na karkata wuya, na yi ta roƙo da muryar tausayi, jama'a na dariya har da sojan. Yau dai ni ce gurguwar da ake kallo.

Sai na hango Rakiya a gaba-gaba. Ashe ta ji yayarta za ta yi wasa, ta taho da tafin hannu a kan rairayin azahar, daga gida har lakwal.

Da yamma Kaka tana shafa mata man shanu a hannuwan da suka saɓule, ba ta ko dube ni ba. Na zauna ina jiran faɗa. Rakiya ce ta yi magana.

"Kaka, yau ki yi ta mai ƙafa, don Yaya."

Kaka ta yi mini tatsuniyata, daga farko har ƙarshe, kuma ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Yanzu ina da jikoki, in na ga an fito da gurgu a wasa don a yi dariya, tashi nake in bar wurin. Rakiya ba ta taɓa roƙon kowa ba a rayuwarta. Ni na sa ta bara a gaban gari.