Kalmomin da Na Kasa Faɗa wa Inna

Jiya a Limawa na miƙa wa Baffa, tsohon hedimasta, takardar neman aikin da na rubuta. Wata uku ina haddace manyan kalmomin Turanci daga ƙamus, duk na zuba su ciki.

Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa kan wata doguwa. "Usman, faɗa wa Innarku ma'anar wannan da Hausa."

Na juya wajen Inna da ke tsintar wake tana jirana, amma na kasa fassara kalmar.

"To, ba taka ba ce tukuna," in ji shi. "Ranar intabiyu ma za su tambaye ka. Kayan aro ba ya rufe katara."

Bakwai kaɗai na iya fassarawa, su na bari.

Ku fa, nawa ne naku na gaske?