Mahasin da Gadar Kwali

A layin da Mahasin take zaune a unguwar Arba wa Nus, a gefen Alƙahira, ba a yar da kwali mai kyau. Mai kantin da ke ƙasan benensu, in ya kwashe sabulu ko taliya daga katan, sai ya ninke shi ya jingine a bayan ƙofa, don ya san kafin azahar za ta sauko ta ɗauka. Takan juya shi ciki da bai kamar mai sayen atamfa, ta danna da babban yatsa. In ya taɓa shan ruwa, ta mayar masa.

Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji a ƙafa, suka yada zango a Maiwurno, zangon ya zama gida. Ita a Omdurman ta tashi, a can ta yi aure, a can mijin ya rasu, a can kuma ta yi shekaru tana koyar da zane a makarantar firamare ta 'yan mata. Da yaƙi ya shigo gari, ta riƙo hannun mahaifiyarta, Inna Hauwa, suka bi ayarin motocin da suka nufi arewa. Suka iso Alƙahira da jaka ɗaya, suka kama ɗaki a saman wani bene mara fenti, inda taga ɗaya ce take kallon titi.

Da farko turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, tana zuba shi a 'yan akwatunan kwali da take yankawa da hannunta, ta yi musu zanen fure. Ta nan Ismail ya same ta. Ɗalibi ne ɗan Katsina, yana karatun fiƙihu, yana zaune a unguwar Madinat Nasr. Turare ya zo saya wa matar yayansa, amma sai ya tsaya yana jujjuya akwatin.

"Yaya Mahasin, wa ya yi wannan?"

"Ni. Da wani aibu ne?"

"A'a. Za ki iya yi mini soja? Ɗan ƙarami, kamar tsawon yatsa, wanda zai tsaya da kansa."

Ta ɗauka zolaya yake. Sai ya nuna mata a waya: manyan mutane da gemu sun kewaye tebur, an shimfiɗa gari a kai, da tuddai da gidaje, suna jefa ɗan dutsen nan mai ɗige-ɗige irin na lido, suna auna tazara da rula suna matsar da sojoji. Ya ce wasa ne na dabara, shi da abokansa Misirawa suke yi ranar Juma'a bayan la'asar. Sojojin roba daga waje ake kawo su, sun fi ƙarfin ɗalibi.

Ta yi masa. Ta zana soja gaba da baya a takarda mai kauri, ta ninke, ta manna da gam, ta dasa shi a kan ɗan da'irar kwali. Daga soja aka koma bukka, daga bukka aka koma ganuwa. Ta gano cewa yashin titi in aka tankaɗe aka barbaɗa a kan gam yana zama ƙasa, ruwan shayi mai kauri yana tsufar da bango, tsinken sakace yana zama shinge. Kafin shekara ta zagayo turaren ya koma gefe, ɗakin ya cika da ƙamshin gam. Inna Hauwa, wadda idonta ya yi rauni, takan laluba wani gida ta ɗauka ta shafa rufinsa ta ce, "Ke dai kin ƙi barin makaranta."

Wata rana Ismail ya kira ta da murna. Wata mata mai suna Dalia, da ke da ɗakin wasanni a Zamalek, unguwar masu hali da ke kan tsibiri a tsakiyar kogin Nilu, ta ga aikinta, tana son babban fili: garin zamani a bakin kogi, da gada, da tankokin yaƙi, da sojoji ja da shuɗi.

Tankar yaƙi ba a hoto Mahasin ta san ta ba. Ta san ƙarar da take yi idan ta juya a kan kwalta, ta san yadda tagogi suke rawa. Amma akwai maganin hawan jinin Inna, ga hunturu ya matso. Ta ce, "Tamam, na yarda. Zan yi."

Gadar ce ta ba ta wahala. Ta yi ta farko ta lotsa a tsakiya, ta yi ta biyu ƙafafun suka fita kamar na tebur. Sai wata safiya ta shiga ƙaramar bas ta je bakin Nilu, ta tsaya a ƙarƙashin wata gada, ta ɗauki hotunan ginshiƙanta ta kowane ɓangare. Da ta dawo ta kalle su ta yi ta uku, ta tsaya cak, har Inna ta ɗora kofin shayi a kai bai motsa ba.

Ranar kai kaya Ismail yana da jarrabawa, ita kaɗai za ta je. Abin da yake damunta shi ne iƙama, hatimin izinin zaman da ake buga wa a katinta na 'yan gudun hijira. Ya ƙare, ranar da aka ba ta don sabuntawa kuma tana can gaba da watanni. Mutanen unguwa da yawa haka suke, shi ya sa ba sa nisa da gida. Ta ɗora wa Inna abinci kusa da gado, ta ajiye magani inda hannunta zai kai.

"Kulle ƙofar ta waje ki tafi da makullin," in ji Inna. "Ba na son bugun ƙofar yaran nan."

"Kafin la'asar na dawo, in sha Allahu."

Ta samu tasi, direban wani dattijo mai yawan magana. Akwatuna biyu suka shiga but, na uku mai gadar ta rungume shi a cinya. Suka ratsa cunkoso, suka haye kogi, gari ya canza: bishiyoyi, inuwa, manyan motoci masu baƙin gilashi. Bakin layin da Dalia ta kwatanta akwai shinge, saboda wani ofishin jakadanci da ke ciki. Jami'i ya ɗaga hannu.

"Buɗe but."

Ta gilashin baya take kallonsa. Ya ɗaga murfin akwati na farko, ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe, tanka ce a tafin hannunsa. Ya kira na gaba da shi, wani mai furfura a gefen kai, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Mai furfurar ya zagayo ya ƙwanƙwasa tagarta.

"Sauko, madam. Da abin da ke hannunki."

Direban, da tun daga Arba wa Nus bakinsa bai huta ba, ya ce, "Wallahi ya basha, ranka ya daɗe, ban san ta ba, a titi ta tare ni." Ya sauke akwatunan a gefen hanya, aka duba takardunsa, ya ja motarsa ko waiwaye babu.

Aka shigar da ita wata 'yar rumfar katako, aka zazzage kayan a kan tebur. Sai a lokacin ta ga aikinta da idon wani. Kogi shuɗi. Gada. Dogayen gidaje masu tagogi a jere. Jajayen sojoji a wannan gaɓa, shuɗaye a waccan. Su kuma suna tsaye a tsibirin da ba a shigarsa sai ta gada.

"Mene ne wannan?"

"Kayan wasa ne, ya basha. Na tebur. Manya ne suke yi."

"Wane gari ne?"

"Ba kowane ba. Daga kaina na yi."

"Daga kanki." Ya miƙo hannu. "Katinki. Da wayarki, a buɗe."

Ya dubi katin, ya juya bayansa, ya dube ta. Ya sa shi a aljihun rigarsa. Wannan ya fi tsawa tayar mata da hankali. Ta san matar da aka kama a kasuwa da irin wannan katin, sai daga bakin iyaka 'yan uwanta suka ji muryarta. Ya shiga hotunan wayar yana turawa da yatsa: sojoji, bukkoki, Inna tana murmushi. Yatsan ya tsaya. Ya juyo mata da fuskar wayar. Ginshiƙan gada ne, daga ƙasa, daga gefe, daga kusa.

"Wannan ma daga kanki?"

"Don in ga yadda ƙafafun suke ne. Tawa tana ta lotsawa." Larabcin Sudan ɗinta ya fito fili, abin da kullum take ɓoyewa a gaban hukuma. "Don Allah a kira matar da ta sa ni aikin. Sunanta Dalia, a layin nan take."

Ya ce da ƙaramin jami'in ya duba ko akwai wani abu a cikin gidajen. Saurayin ya zaro wuƙa. Ya fara da dogon benen da ta yi kwanaki tana yanka masa tagogi, ya tsarge shi daga sama har ƙasa, ya leƙa. Ya kama na gaba. Da ya zo kan gadar ya kasa tsarge ta, don kwali uku ta haɗa, sai ya karya ta a gwiwarsa.

Aka ce ta zauna. Aka yi waya da wani, aka jira. Ta ji kiran sallar la'asar daga can tsallaken kogi, hankalinta ya koma kan makullin da ke cikin jakarta. Inna tana kulle a saman bene, ba ta gani sosai, kuma ba wanda ya san haka sai ita. In aka wuce da ita daga nan, wa zai hau ya fasa ƙofar? Ta miƙe tsaye ba tare da ta shirya ba.

"Ya basha, uwata tana gida, na kulle ta ta waje. Tsohuwa ce, ba ta da lafiya. In tafiya za ku yi da ni, ku bar ni in kira wani ya buɗe mata. Wannan kaɗai nake roƙo."

Mai furfurar ya ɗago ya kalle ta, karo na farko da ya kalli fuskarta sosai. Ya tura mata wayar a kan tebur. "Kira mai wasan naki."

Dalia ta iso a guje, gashi a hargitse, wasu samari biyu na biye da ita. Ta nuna katinta, ta nuna hotunan ɗakin wasan, ta zazzage 'yan duwatsun lido da rula daga jaka. Ɗaya saurayin ya fara bayanin yadda tanka take tafiya tsawon rula guda a kowane zagaye, mai furfurar ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ya sake yin waya, ya daɗe yana saurare. Sannan ya sa Mahasin ta goge hotunan gadar a gabansa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ciro katin daga aljihu, ya riƙe shi bai sake ba. "Kin san wannan ya ƙare."

"Na sani. An ba ni rana."

"Yau ni kika samu. Gobe ban san wa za ki samu ba." Ya saki katin. "Khalas, shi ke nan. Kwashe kayanki."

Suka tattara guntayen a akwatuna. A kan hanyar zuwa ɗakin wasan, ɗaya saurayin ya ɗaga tsagaggen benen yana dariya, ya ce ai yanzu ya fi kyau, ya zama kango na gaske, kamar an yi masa ruwan bama-bamai. Mahasin ta tsaya. Ta dube shi har dariyar ta mutu a fuskarsa. Dalia ta karɓe benen daga hannunsa ta mayar akwati, ta ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri, ya Mahasin. Bai san abin da yake faɗa ba."

"Na ga alama," in ji Mahasin.

Ba ta shiga ɗakin wasan ba. Dalia da kanta ta kai ta a mota har Arba wa Nus, unguwar da ba ta taɓa takawa ba. Mahasin ta haye benen da gudu, ta buɗe ƙofar. Ta tarar da Inna zaune a bakin gado da carbi, abincin ba a taɓa ba.

"Kin daɗe."

"Cunkoso ne, Inna."

Tsohuwar ta laluba ta kamo hannunta, ta ji sanyinsa, ta riƙe. Ba ta ƙara tambaya ba.

Sati guda Mahasin ba ta taɓa almakashi ba. Ismail ya zo yana ta ba da haƙuri kamar shi ya kafa shingen. Da ta koma aiki, sai ta sake fasali. Yanzu gidajenta a shimfiɗe take yin su, da layin ninki da 'yan kunnuwan da ake sa wa gam, mai saye ya tayar da su da kansa a kan teburinsa. Wanda ya buɗe jakar a hanya, falle-fallen kwali masu launi kawai zai gani. Ismail ne yake kai na Madinat Nasr, Dalia kuma takan zo da motarta ta karɓi nata, ta zauna a tabarma ta sha gahawa da citta tana tari.

Ta sake yi wa Dalia garin, har da gadar. Tankoki ne ta ce a nemi wani ya yi. Ranar sabunta iƙamarta ba ta zo ba tukuna, don haka iyakarta kantin ƙasa da kasuwar bayan layi. In motar hukuma ta ratsa titin, takan ajiye reza ta matsa daga jikin taga, ta jira har ƙarar ta yi nisa, sannan ta ci gaba da yanka.