Ba Ɗan Amshina Ba Ne

Edita, a lokacin da zan ba ku labari ba ni da wannan tumbin da yanzu yake riga ni shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin in iso. Siriri ne ni kamar tsinken tsire, ina koyon ɗinki a wani shago a unguwar Nima, ga murya wadda in na ɗaga ta a bakin babbar kwata sai masu shago a Adabraka su leƙo. A keken da ke hagu da nawa akwai wani saurayi daga arewacin Ghana, shiru-shiru, wanda ya yi makarantar mishan inda ake koya wa yara waƙa hawa-hawa. Wata rana ina rera wata waƙa da na ƙirƙira, sai na ji ya shigo ta ƙarƙashina. Bai jira na gama ya maimaita ba, tare muke faɗin kalma ɗaya, ni a sama shi a ƙasa. Tsikar jikina ta tashi, maigidanmu ya tsaya da almakashi a buɗe. Daga ranar muka zama mu biyu.

Shekara tara babu biki ko suna daga Nima zuwa Kotobabi da ake ganin ya cika in ba mu je ba. Makirfo ɗaya muke haya, muna haɗa kai kunci da kunci, har ina sanin yajin wace mai waakye, wato shinkafa da wake, ya ci da safe. Kuma akwai wani sirri da ban taɓa faɗa ba sai bana: ni ban iya kama bakin waƙa ba. In aka bar ni, daga kan rufin kwano nake farawa, kafin baiti na biyu na ƙare a sararin samaniya. Don haka kafin kowace waƙa sai ya matso kunnena na hagu ya yi wani ɗan amo a maƙogwaro, kamar sauro mai ladabi, ni kuma in taka a kai. Mutane sun ɗauka addu'a yake tofa mini.

To mutanenmu abin da suka gada shi ne mawaƙi da 'yan amshinsa. Duk wanda muryarsa ta fi tsini shi ne maigida. Mata a goshina suke liƙi, mai gabatarwa ya kira mu wane da yaronsa, ni kuwa in gyara hula in ƙi gyara magana. Da muka yi kaset, mai buga hoto a Kokomlemle ya cika bangon da fuskata, abokina aka bar masa kafaɗa da kunne guda. Ya same ni a shago ya tambaye ni a hankali ko na ga hoton kafin a buga. Na ce na gani mana, ai da kunnen yake aiki, me zai yi da sauran fuskar. Shago ya fashe da dariya, har da ni ina buga cinya. Washegari na tarar da rigar ankonmu, wadda shi ya ɗinka, a ninke a kan kekena. Ya kwashe kayansa ya koma Maamobi.

Na ce ko a kwalar rigata. Sati biyu bayan nan na tsaya ni kaɗai a wani suna a Kawukudi, da la'asar, gaban mata sun fi tururuwa yawa. Na buɗe baki na kama can sama, jijiyar wuya ta fito kamar igiyar shanya, abin da ya fita kuwa ƙarar ƙofar da ta shekara ba mai. Wata tsohuwa ta tambaya wa ya taka wutsiyar kyanwa. Na gwada samari uku a gurbinsa, dukkansu amshi suke yi, in faɗa su maimaita. Na ajiye waƙa, na riƙa gaya wa mutane wai tsoron Allah ne ya kama ni. Ƙarya ce, kunya ce. Fiye da shekara ashirin in na hango shi sai in tsallaka titi, ko da trotro, motar hayarmu, zai kwashe ni.

Bana yaran unguwa suka tono kaset ɗin suka zuba a waya, da sunana ni kaɗai. Suka shirya karrama ni, suka aiko da shadda. Na tambaya kujera nawa za a sa, suka ce ɗaya mana. Na mayar musu da shaddarsu. Matata ta ce in karɓi abin arziki, abokan majalisa suka ce wa ya tuna da wancan, in bar kaza cikin gashinta. Na ce wallahi gara a manta da ni gaba ɗaya da a tuna da rabina. Na taka da ƙafa har Maamobi, tumbi na gaba ina biye, na tsaya a ƙofar shagonsa na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa tun ina da gashi. Bai tsayar da keke ba, bai ba ni wurin zama ba. Can ya kira ni Massa, wato maigida, ya ce, "Kunnen ka zo nema ko mutumin?" Na ce mutumin. Ya ce zai yi tunani.

Ranar taron na dai je, da hantsi aka miƙa mini makirfo. Na ce ba zan rera ko harafi ba sai sun ji gaskiya. Na gaya musu waƙoƙin nan na mutum biyu ne, wancan ba ɗan amshina ba ne, ba yarona ba ne, kuma ni ko fara waƙa ban iya ba sai ya ɗora ni. Wasu suka yi dariya, sun zaci wasana ne na kullum. Na tsaya ƙyam, haguna babu kowa, rana na gasa mini sanƙo, na ƙudurta ko za a kai magariba ba zan buɗe baki ba. Ina cikin haka sai na ji sauron nan mai ladabi a kunnena. Wani ya rugo da makirfo na biyu, na ɗaga masa hannu ya koma da shi. Muryoyinmu sun tsufa, tawa ta dushe, tasa tana rawa, amma da suka haɗu tsohuwar hanyar tana nan.

Har yau ya ce bai gama yafe mini maganar kunne ba, sai dai yanzu in na kai masa koko da ƙosai yana tura mini benci da ƙafa. Abin da na koya shi ne dariyar minti ɗaya ta ci mini shekara ashirin, kuma shirun da na yi ana kiran tsarana yarona ya fi ba'ar muni. Ku masu tasowa, duk wanda ke riƙe ku ta ƙasa, ku faɗi sunansa tun kafin a tambaye ku. Wanda kuma ya sake sa waƙarmu a waya da sunana ni kaɗai, ya sani na san hanyar gidan ubansa, kuma da tumbin nan zan zo.