Balbelar Bayan Mota

Shekara talatin da ɗaya Mai Fenti ya yi a lungun da ke bayan tashar manyan motoci, cikin wata rumfar kwano tsakanin mai walda da mai facin taya. Duk wanda ya san shi, da fenti a farce ya san shi. An ce ko ranar aurensa sai da amarya ta gano shuɗi a bayan kunnensa. Da rubuta allon shago ya fara, ana biyansa ana haɗa masa da zagi idan harafi ya karkace, har hannu ya faɗa ya koma zane a bayan manyan motoci: zaki, jirgin sama, dawisu, duk abin da direba ya kwana yana mafarki. Da wannan sana'a ya gina ɗaki biyu, ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya kuma riƙe ƙaninsa Auta tun yana rarrafe bayan rasuwar iyayensu, har ya zama direba.

Mai Fenti mutum ne matsoraci, kuma ba ya ɓoyewa. Ko gardamar ƙwallo ta yi zafi a rumfar mai walda, sai ya tuna yana da aiki. Maiɗakinsa kan ce da tsoro na kisa, da tuni ta fita takaba. To wai wannan bawan Allah ne duniya ta zaɓa ta rataya wa jakar tsaba.

Wata rana wani direba da ake kira Dogo ya kawo mota yana sauri, ya ce a zana masa ko mene ne. Farin fenti kaɗai ya rage a gwangwani, sai ɗan rawaya a gindin wani. Mai Fenti ya zana balbela tsaye da ƙafa ɗaya, wuya a lanƙwashe. Wallahi iyakar labarinta ke nan. Da ja ne ya rage, da zakara za a samu.

Bayan sati biyu 'yan fashi suka tare babbar hanyar da ta ratsa daji, da rana tsaka. Motoci bakwai ne a layi. Sun gama da shida sai wani abu ya firgita su suka faɗa daji, suka bar ta Dogo. Dogo kuwa baki gare shi kamar rediyo. Kafin ya sauke kaya, tasha duk ta ji cewa balbela ce ta tsare shi. Sai direbobi suka fara layi a bakin rumfa. Mai Fenti yana zanawa yana dariya, yana cewa, "Ni dai fenti na shafa, tsari na Allah ne." A shekarar ya sauya kwanon gidansa, ya zana wa Auta tasa kyauta.

Ashe labari ya kai daji. 'Yan fashin suka ga an yi musu hatimi a sauƙaƙe, sai suka aiko da saƙo tasha: duk motar da mai ita ya sasanta da su, ta ɗauki balbela ta wuce, wadda ba ta da ita, ta kuka da kanta. Wani direba ya je wurin wani mai zanen aka kwaikwayo masa. Suka dubi wuyan tsuntsuwar suka ce jabu ce, suka banka wa motar wuta. Hannun Mai Fenti suka sani, shi kaɗai.

Shi ne na ƙarshen ji. Abin da ya fara lura da shi, gaisuwar mutane ta yi tsawo, hirarsu ta gajarce. Mai shayi ya riƙa tura masa kofi yana cewa, "Haba Baba, bar shi kawai," ba ya kallon idonsa. Da ya matsa wa mai walda da tambaya, sai ya kashe injin, ya duba hagu da dama, ya faɗa masa. Mai Fenti ya zauna a kan tsohuwar taya. "Innalillahi! Ni? Ni da ko kaza ba na iya yankawa?"

Ba a yi kwana uku ba wani mutum ya zo da safe, cikin farin yadi, takalminsa ba ƙura. Ya nuna katin aiki, jami'in tsaro ne. Ya zauna a benci, ya ciro waya yana nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya, balbela bayan balbela.

"Aikinka ne, Baba?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Amma wallahi tsuntsu ne kawai. Farin fenti ne ya rage mini."

"Na yarda," in ji jami'in, muryarsa a sanyaye, abin da ya fi tsawa ban tsoro. "Na san kai ba ɓarawo ba ne. Amma a wurinka ne tsuntsu. A hanya lasisin ɓarayi ce, kuma kai ke bugawa. Na baya ya wuce. Idan aka ga sabuwa ko guda ɗaya, ba da hira za a dawo ba. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Daga ranar wani saurayi mai baƙin tabarau ya tare a bencin mai faci, ba ya faci, ba ya sayen komai. Mai Fenti ya tuttular da farin fentinsa kaf a kwata. Ya koma rubuta lambar mota da "Allah ya kiyaye hanya". Direbobi suka roƙa, suka yi zagi, wani har ya ci kwalarsa, ya ce a'a. Abinci ya daina shiga. Ana rufe ƙofar mota a waje sai ya leƙa ya ga ko shi aka zo kamawa. Sati uku ya yi a haka, ya rame har wandonsa na zamewa.

Sai ga Auta ya zo gida da la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ƙi tashi.

"Yaya, maigidana ya sayar da tsohuwar motar, ya ba ni sabuwa. Ya gama magana da mutanen dajin. Zanen kaɗai ya rage. Jibi zan ɗauki kaya."

"Ka bi wata hanyar."

"Wace? Gada ta karye, kai ma ka sani."

"To ka ajiye aikin."

"In ajiye in ci me? Yara huɗu, ga uwarsu da tsohon ciki. Kuma in na ƙi, wani za a ba, ni a sallame ni." Ya rage murya. "Makon jiya sun harbe wani direba a kan kujerarsa, Yaya. Motarsa ba balbela. Ni na taimaka aka sauko da shi."

Mai Fenti ya dubi maiɗakinsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta jingine tsintsiyar a bango. Ta ce, "Malam, ni ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. Amma a bayana na goya yaron nan."

Ya so ya yi fushi, bai samu wanda zai yi wa ba. Kurkuku yake tsoro, tsoro na gaske: duhu, duka, ƙarfe a hannu, shi da ciwon baya. Ya kuma dubi ƙeyar Auta a sunkuye, har furfura ta fara tsiro masa, a ransa ya ga ana sauko da shi daga kujera. Gaba kura, baya sayaki.

Washegari ya sayo ƙaramin gwangwanin fari. Babbar mota ba ta ɓoyuwa a aljihu, don haka a bakin rumfa aka faka ta, a idon kowa. Mai walda ya rufe shago ya ce zai je gaisuwar rasuwa. Mai Fenti ya hau tsani, gumi na shiga masa ido. Sau biyu burushi na faɗuwa. Amma da ya zo kan wuya, inda mutanen dajin ke dubawa, sai ya riƙe numfashi ya ja shi a hankali, domin kuskure kaɗan a nan ran ƙaninsa ne. Bai waiwaya ba, amma ya ji lokacin da mai tabarau ya tashi daga benci yana waya.

Auta ya ɗauki hanya da sassafe. Mai Fenti ya zo rumfa sanye da riguna biyu, an ce masa akwai sanyi a kurkuku. Ya share wuri, ya wanke burusai da kananzir, ya zauna. Azahar ta wuce, ba labari. Wajen la'asar wata mota ta tsaya a bakin lungu, mutum biyu suka fito, ba sa sauri. A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya! Mun wuce! Sun tsayar da ni, suka zagaya baya suka duba, suka ce in tafi. Wallahi ko ƙofa ba su buɗe ba!"

"Alhamdulillahi," in ji Mai Fenti. Hawaye suka zubo masa, mutanen biyu suna tsaye a kansa.

"Na ji muryarka wani iri. Lafiya dai ko?"

"Lafiya ƙalau, Auta. Ka yi tuƙi a hankali."

Ya kashe wayar ya miƙa wa na gaba, sannan ya roƙe su su bari ya ba mai faci makulli ya kai gida.