Hannun Hagun Malam Nu'uman

Malam Nu'uman Ya'u na Ƙofar Wambai mabugin takardu ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wata ma'aikatar gwamnati yana dukan tafireta, daga baya kwamfuta, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa dawo masa da takarda an ce ga kuskure ba. Wannan ne abin alfaharinsa, shi ne kuma ciwonsa. Idan harafi ɗaya ya zame, ba ya shafa masa farin ruwan gyara kamar abokan aikinsa. Zare takardar yake yi ya yayyaga, ya sake daga farko. Ba ya kallon yatsunsa in yana aiki, don tun a makarantar koyon buga rubutu aka raba masa maɓallan gida biyu. Hannun hagu ya san nasa, na dama ya san nasa, babu mai shiga gonar wani.

Banda sasan da ya gada a gidan ubansa, abu ɗaya ya mallaka a duniya, wato gonarsa da ke Inkil, can gefen gari. Ya saye ta tun wurin yana daji, mutane suna yi masa dariya. Shi da matarsa Hamsatu, Allah ya jiƙanta, suka dasa mangwaro goma sha tara, suka yi rani uku suna jidar ruwa a jarka suna ba su. Yanzu gari ya tarar da gonar, gidaje sun kewaye ta ta gefe uku, dillalai kuwa sun maida ƙofar gidansa hanyar kasuwa. Amsarsa ɗaya ce kullum: ba ya sayarwa, fuloti kuma ba za a yanka a kan itacen Hamsatu ba.

Wata Laraba ya dawo daga gonar, ya tsuguna zai yi alwalar azahar, buta ta suɓuce masa. Hawan jini ne ya kayar da shi. Da ya farfaɗo a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, hannun hagun da ya rage sai karkarwa yake yi. Hankalinsa kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Yana ji, yana gani, yana gane komai, kuma wannan shi ne azabar.

Wai me ya sa in bakin mutum ya mutu sai a ɗauka kunnensa ma ya mutu? Masu dubiya sukan durƙusa a gabansa su yi ta kwarara masa ihu, "Sannu, Malam! Ka gane ni?" Da sun miƙe sai su juya ga 'yarsa Humaira, malamar firamare da ta dawo gida jinyarsa, su ce a gaban idonsa, "Ai wannan sai dai addu'a." Ya gane su sarai. Wasu ma shi ya buga musu takardar neman aiki.

Duk cikinsu babu wanda ya ƙona masa rai kamar ƙaninsa Salihu. An ce ɗan'uwa rabin jiki, to Salihu dai rabin da ya shanye ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Salihu bai ɓata lokaci ba. Ko sati uku ba a yi da sallamo Malam ba ya zauna a bakin gadonsa yana waya da dillali, yana lissafa masa fuloti nawa gonar za ta bayar in an sare itatuwan. Malam ya yi ta girgiza kai har hularsa ta faɗi.

"Bappa, ka ga yana cewa a'a," in ji Humaira.

"Ke, rufa mana baki. Ciwon ne ke kaɗa masa kai. Yaushe 'ya ta fara tsoma baki a maganar iyayenta maza?"

Humaira ta taɓa ba mahaifinta biro da takarda. Hannun hagun da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya zana wani abu kamar sawun kaza, Malam ya dubi abin ya yi jifa da biron. Ta kawo masa kwamfutarta. Ya kai yatsa zai taɓa harafi ɗaya, uku suka fito. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya babu kuskure ya ga wannan ƙazanta da sunan aikinsa, sai ya rufe kwamfutar ya juya fuska bango. Gara a ce bebe ne da a ga takardarsa da datti. Taurin kai ne, babu wani suna da za a ba shi, kuma saura kaɗan ya ja masa asarar gonar.

Phoebe ce ta san kansa. Ita ce ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke duba shi duk Litinin, 'yar Bogoro, mai dariya da saurin magana. Da Humaira ta ba ta labarin biron da kwamfutar, sai ta ce, "Baba ba ya so ya rubuta a gani ko? To kar ya rubuta. Bari ya yi wasa." Ta sa musu wani wasa a kwamfutar, irin wanda ake koya wa 'yan makaranta buga rubutu da shi. Balan-balan masu launi ne ke saukowa daga sama, kowacce ɗauke da kalma. In ka buga kalmar kafin ta taɓa ƙasa sai ta fashe, wani ɗan kiɗa ya tashi. In ka yi kuskure babu abin da ke zama a rubuce, kalmar ce kawai za ta wuce.

Malam ya dubi abin, ransa ya ɓaci. Shi za a kawo wa balan-balan? Ya yi kwana biyu bai taɓa ba. Rana ta uku Humaira ta bar wasan a kunne ta tafi makaranta, kalmomi suna ta faɗuwa ƙasa babu mai tare su, kuma wannan ne abin da mabugin takardu ba zai iya zama ya kalla ba. Ya miƙa hannu.

Nan ya gano wani wulakancin. Hannunsa na hagu ya tuna ɓangarensa, ko da karkarwa yana laluben haruffansa ya same su. Amma da kalma ta nemi harafin ɓangaren dama, sai hannun ya tsaya cak a kan iyaka, yana jiran ɗan'uwansa da ke kwance a cinya kamar tsumma. Dole Malam ya sunkuyar da kai ya nemi harafi da ido, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan shekara ashirin. Ya yi kuka ran nan, kukan haushi, ya kuma ci gaba da bugawa. Daga hantsi zuwa azahar yake yi, ya huta, ya koma bayan la'asar. A wata na biyu yana fasa kalmomi masu harafi uku. A wata na huɗu hannun ya daina tsayawa a iyaka, karkarwar ma ta ragu. Humaira ta roƙe shi ya rubuta mata ko layi ɗaya ne, ya ƙi. Bai kai ba tukuna, a ganinsa.

Wata rana ya fasa wata doguwar kalma saura ƙiris ta taɓa ƙasa, daɗi ya kama shi ya yi dariya, irin dariyar mai shanyayyen baki, yawu yana zuba a gefe. Bai san Salihu yana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu ba. Kafin magariba bidiyon ya zaga dangi kaf, har na Gombe, da rubutu a ƙasansa: "Ku taya mu addu'a, Yaya ya koma yaro." Wata ƙanwarsu ta zo tana hawaye ta kunna bidiyon a gabansa tana nuna wa Humaira. Malam ya kalli kansa a wayar, ya kau da kai.

Ranar Asabar bayan la'asar Salihu ya tara mutane a zaure. Ya zo da Mai Unguwa Ladan da dattawa biyu don shaida, da takardar wakilci wadda za ta ba shi ikon sayar da gonar, da ɗan akwatin tawadar dangwale. Aka turo Malam a kekensa. Salihu ya zagaya da wayar kowa ya kalli bidiyon, dattawa suna ta salati.

"Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Mutumin da ya wuni yana fasa balan-balan, ina zai iya da gona? Ni taimakonsa nake yi. Yaya, kawo hannunka."

Bai jira ba. Ya ɗaga mataccen hannun daman, ya danna babban yatsan cikin tawada, ya jawo takardar. Sai ji aka yi fau! Hannun hagu ya kaɗe takardar ta faɗa bakin ƙofa. Malam ya ɗaga hannun yana nuna cikin gida, yana kaɗa yatsu a iska. Humaira, wadda ke laɓe a bayan ƙofa don ba a ba ta wurin zama ba, ta gane. Ta shigo da kwamfutar ta ɗora masa a cinya, ta buɗe farin shafi.

"Ga shi nan, wasan nasa yake nema," in ji Salihu yana murmushi.

Malam ya fara bugawa. Hannun yana rawa, don fushi ya dawo masa da karkarwar. A kalma ta uku harafi ya zame. Ya tsaya yana kallon kuskuren, yatsansa ya nufi maɓallin gogewa da kansa. Sai ya hangi takardar Salihu a ƙasa, fes da ita, babu kuskure ko ɗaya, kuma ƙarya ce daga sama har ƙasa. Ya bar harafin a inda yake ya wuce.

Mai Unguwa ya sa tabarau ya leƙo, ya karanta a bayyane: "Ni Nu'uman Ya'u ina cikin hankalina. Ban wakilta kowa ba. Ba na sayar da gonar Inkil."

Salihu ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ce ta shirya abin a ciki. Ai ka san kwamfuta, komai za a iya sa mata."

Mai Unguwa bai ko dube shi ba. Ya gyara zama ya fuskanci Malam, ya yi magana da muryar da ake yi wa babban mutum magana, ba ihu. "Malam Nu'uman, ina iyakar gonarka ta gabas?"

Malam ya buga, Mai Unguwa yana bi yana karantawa: "Tsamiyar da tsawa ta raba. Daga nan taku tamanin zuwa kwari. Mahaifinka ne ya yi shaida ran da na saya, ranka ya daɗe."

Mai Unguwa ya cire tabarau ya share ido. Dattawan nan biyu suka sunkuyar da kai, ɗaya yana ta murza carbi kamar yau ya fara ganinsa. Amma Malam bai gama ba. Wata bakwai maganar ke taruwa a cikinsa, ya kuma buga ta ba tare da ya waiwayi kuskure ko ɗaya ba.

"Salihu, duk abin da ka faɗa a kaina na ji. Na ji ranar da ka ce a sare mangwaron Hamsatu. Na ga bidiyon da ka yi mini. Wannan yatsan da ka tsoma a tawada, shi ya buga maka takardar da ka samu aiki."

Salihu ya durƙusa. "Yaya, wallahi ban san kana ji ba. Da na sani..."

Da ya sani da bai faɗa a gabansa ba, iyakar abin ke nan, kuma kowa a zauren ya gane haka. Mai Unguwa ya ɗauko takardar wakilcin daga ƙasa ya keta ta gida biyu, sannan ya tambaya a hankali, "Akwai saura, Malam?"

Malam Nu'uman ya dubi ƙaninsa, ya dubi tawadar da ta ɓata masa farar riga a inda mataccen yatsan yake kwance. Ya ɗaga hannun hagu ya buga kalma ɗaya, wannan karon babu kuskure. Mai Unguwa ya buɗe baki zai karanta, Malam ya dakatar da shi. Ya juya kwamfutar da kansa, ya tura ta gaban Salihu don ya karanta da idonsa.

"Fita."